Ilimin Gado da Lafiyar Jaririnki: Dalilin da Ya Sa Likita da Ungozoma Ke Ci Gaba da Karatu

Uwargida mai juna biyu, ranar da kika fara zuwa awo an yi miki tambayoyi da yawa tun kafin a taɓa cikinki. Ke da maigida 'yan uwa ne? Kin san jinotayif ɗinki da nasa? A gidanku ko gidansu akwai mai amosanin jini? An taɓa haihuwar jaririn da shawara ta kama shi da tsanani? Wasu matan kan ji nauyin amsawa, wasu kuma su ɗauka ana tonon asirin gida ne. Ki sani waɗannan tambayoyi suna cikin awo, kamar yadda awon hawan jini da gwajin fitsari suke ciki. Daga amsarki ake gane ko jaririn da ke tafe zai buƙaci wani gwaji ko kulawa ta musamman. A wannan fitowa za mu bayyana miki inda ma'aikatan lafiya ke samo wannan ilimi, da yadda suke sabunta shi ta intanet, da kuma abin da ake so ke da maigida ku yi.

Mene ne ilimin gado?

Hausawa kan ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Kowa ya san ɗa yana ɗauko kamanni da tsawo da launin fata daga iyayensa. Ilimin gado shi ne binciken yadda hakan ke faruwa. Jikin mutum an gina shi ne da ƙananan ƙwayoyin halitta waɗanda ido ba ya gani. A cikin kusan kowace ƙwaya akwai wasu zarurruka 46 da ake kira kuromozom. Jariri yana karɓar 23 daga uwa, 23 daga uba. A jikin zarurrukan nan ne aka jera ƙwayoyin gado kimanin 20,000, kowace da aikinta: wata ta jini, wata ta ido, wata ta ƙashi. Idan ɗaya ta zo da sauyi, ana iya samun lalura. Yawancin irin wannan lalura ba ta bayyana sai jariri ya karɓi ƙwayar mai sauyi daga uwa da uba gaba ɗaya. Shi ya sa iyaye lafiyayyu kan haifi yaro mai ciwon gado, ba tare da ɗayansu ya san yana ɗauke da komai ba.

Me ya sa likita ke komawa karatu?

Wannan fanni yana sauyawa da sauri. A shekarar 1990 masana suka fara aikin karanta dukan rubutun gadon ɗan Adam, suka kammala a 2003. Daga nan zuwa yau an samu sababbin gwaje-gwaje da magunguna waɗanda likita ko ungozomar da ta gama makaranta shekara 20 da suka wuce ba ta karanta a aji ba. Don haka hukumar da ke ba likitoci lasisi a Nijeriya, da takwararta ta ma'aikatan jinya da ungozoma, suka wajabta wa kowa ya riƙa ƙaro ilimi kafin a sabunta masa lasisin aiki.

Masana ilimin gado suna da ƙungiyoyinsu da ke kula da wannan karatu. An kafa ta Amurka a 1948, ta Turai a 1967, ta Afirka kuma a 2003, ta yi taronta na farko a Accra, babban birnin Ghana. A da, sai wanda ya samu kuɗin jirgi da biza yake halartar tarukansu, sauran su jira mujalla ta iso ɗakin karatu bayan watanni. Yanzu ƙungiyoyin nan suna shirya wa membobinsu darussa ta intanet. Lokacin annobar korona a 2020, ƙungiyar Amurka ta yi babban taronta na shekara kacokan ta intanet, kuma tun daga lokacin wannan hanya ta ƙara samun gindin zama.

Ga yadda karatun ke gudana. Malami yana iya zama a wata ƙasa yana gabatar da lacca, likita yana nan asibiti ko gida yana kallo ta kwamfuta ko wayar hannu, yana aika tambaya ana ba shi amsa nan take. Ana naɗar laccar domin wanda ke ɗakin haihuwa ko ɗakin tiyata a lokacin ya kalla daga baya. Wani lokaci a kawo misalin wani majiyyaci, ba tare da sunansa ko hotonsa ba, a tattauna yadda ya kamata a kula da shi. A ƙarshe a yi ɗan gajeren gwaji, a ba da takardar shaida.

A nan Afirka an daidaita tsarin da halin da muke ciki na ƙarancin wutar lantarki da raunin intanet. A 2017 masana na shirin binciken gado na Afirka da ake kira H3Africa, tare da abokan aikinsu, suka fara koyar da ma'aikatan jinya na ƙasashen Afirka daban-daban ilimin gado. Ana sauke laccar tun da wuri, ma'aikata su taru a aji guda tare da mai yi musu jagora, su kalla tare, sannan su haɗu da malamin ta intanet domin tambayoyi. An fara da ma'aikatan jinya ne saboda ƙwararrun masu ba da shawara kan ciwon gado ba su da yawa a nahiyar nan, kuma nas da ungozoma su ne waɗanda mai ciki ke fara gani. Ga kaɗan daga abin da wannan ilimi ya kawo ɗakin awo.

Amosanin jini

Amosanin jini, wato sikila, shi ne ciwon gado da ya fi damun ƙasar nan. Kusan mutum 1 cikin 4 a Nijeriya yana da jinotayif AS, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2006 cewa ana haihuwar jarirai kimanin 150,000 masu wannan ciwo a ƙasar kowace shekara. Mai AS ba mara lafiya ba ne, yana ɗauke da ƙwayar ne kawai. Ga yadda lissafin yake:

- AA da AA: duk 'ya'yan AA ne.
- AA da AS: kowane ciki, ko dai AA ko AS.
- AA da SS: duk 'ya'yan AS ne.
- AS da AS: kowane ciki yana da yiwuwar 1 cikin 4 ya zama SS.
- AS da SS: kowane ciki yana da yiwuwar 1 cikin 2 ya zama SS.
- AS da AC: kowane ciki yana da yiwuwar 1 cikin 4 ya zama SC, wanda shi ma nau'in amosanin jini ne.

A lura da kyau: 1 cikin 4 ɗin nan na kowane ciki ne shi kaɗai. Wasu kan ɗauka idan ɗan fari ya zo da SS, uku masu biye masa sun tsira. Lissafin ba haka yake ba. Kowane ciki sabon lissafi ne. Akwai ma'auratan AS da suka haifi 'ya'ya shida babu mai SS, akwai waɗanda suka haifi uku a jere duk SS. Haka kuma jinotayif daban yake da rukunin jini na A, B, AB da O. Sanin ɗaya ba ya wadatar da ke daga ɗayan.

A 2024 Jihar Kano ta kafa dokar da ta wajabta gwajin lafiya kafin aure, har da jinotayif. Amma idan an riga an yi aure kuma ga ciki, lokaci bai ƙure ba. Ki yi gwajin, maigida ma ya yi. Idan sakamakon da kike da shi tsoho ne ko kina shakkarsa, a sake shi a ɗakin gwaji na asibiti, domin akan samu kuskure a wasu wuraren.

Gwajin jariri

Jariri mai SS yana zuwa duniya lafiya lau. Jinin da ya fito da shi daga ciki yana kare shi har kimanin wata 5 zuwa 6. Daga nan ne alamomi ke fara fitowa: kumburin hannu da ƙafa mai zafi, kuka ba dalili, ɗashewar fata, zazzaɓi da yawan kwanciya asibiti. Jiran waɗannan alamomi yana da haɗari, domin cutar ƙwayoyin bakteriya tana iya kashe irin wannan yaro cikin 'yan sa'o'i, tun kafin a san yana da sikila.

Yanzu da ɗigon jini daga diddigen jariri ana iya gane jinotayif ɗinsa tun yana ɗan kwanaki. Ba kowace na'ura ce ke ba da sakamako na gaskiya ga sabon jariri ba, saboda haka ki tambayi likitan yara inda ya kamata a yi. Idan aka gane da wuri, za a fara ba shi maganin fenisilin kullum tun yana wata 2 zuwa 3 har ya kai shekara 5. Wani babban bincike da aka buga a Amurka a 1986 ya nuna wannan magani mai araha yana rage mummunar cutar bakteriya da fiye da kashi 80 cikin 100. Za a kuma tabbatar ya samu duk alluran rigakafi, da kariya daga zazzaɓin cizon sauro, a koya miki yadda za ki riƙa taɓa saifarsa ki ji ko ta kumbura. Duk lokacin da jikinsa ya yi zafi, a kawo shi asibiti a ranar, kada a jira gari ya waye.

Akwai kuma shanyewar ɓarin jiki, wadda kan samu yara masu SS. Daga shekara 2 zuwa 16 ana auna gudun jini a jijiyoyin kai sau ɗaya a shekara da wata na'ura irin ta hoton ciki, babu allura babu zafi. Binciken da aka yi a asibitocin Kano da Kaduna, aka buga a 2022, ya nuna maganin haidiroksiyuriya yana kare yaran da awon ya nuna suna cikin haɗari. Wannan ilimi daga nan gida ya fita, yanzu likitocin wasu ƙasashe suna karanta shi.

Shawara ga sabon jariri

Jarirai da yawa kan yi ɗan rawaya a ido daga kwana na 2 ko na 3, kuma yawanci yana wucewa. Amma akwai dalilai biyu na gado da ke sa shawara ta yi tsanani har ta taɓa ƙwaƙwalwa, ta bar yaro da kurumta ko sanƙarewar gaɓoɓi.

Na farko shi ne ƙarancin wani sinadari na jini da ake kira G6PD. Ya yawaita a ƙasar nan, kuma ya fi kama 'ya'ya maza. Jinin irin wannan jariri yana fashewa idan ya haɗu da wasu abubuwa, musamman kafur da ake sa wa a akwatin tufafi. Kada ki ajiye kayan jariri da kafur. Kada a shafa masa mai ko hoda mai mentol, kada a sa masa lalle, kada kuma a ba shi wani magani ko jiƙo ba da sanin likita ba.

Na biyu shi ne rashin jituwar jinin uwa da na ɗa. Idan rukunin jininki negatif ne, na maigida fozitif, jariri yana iya ɗauko na ubansa. Cikin fari yakan wuce lafiya, amma jikinki yana iya ƙera garkuwar da za ta yaƙi jinin jariran da za su biyo baya. Akwai allurar da ke hana haka. Ana yin ta wajen mako na 28, da kuma cikin sa'o'i 72 bayan haihuwa ko ɓari. Idan ke negatif ce, ki tanadi allurar nan tun kafin naƙuda.

Duk jaririn da idonsa ya yi rawaya a ranar farko, ko rawayar ta sauko ƙirji da tafin ƙafa, ko ya ƙi kama nono, a garzaya da shi asibiti. Shanya shi a rana ko ba shi ruwan gulukos ba ya maganin shawara. A asibiti ana auna jininsa, a kwantar da shi ƙarƙashin fitila mai shuɗin haske, wani lokaci a sauya masa jini.

Auren zumunci

Auren ɗan wa da 'yar ƙane, ko na 'ya'yan mace da na namiji, abu ne da aka saba da shi a gidajenmu, kuma mafi yawan 'ya'yan da ake haifa lafiyarsu ƙalau. A kowace haihuwa 100, ana samun 2 zuwa 3 masu wata babbar lalura ta haihuwa ko da iyayen ba su haɗa komai ba. Idan iyayen sun haɗa kaka, adadin yakan kusa ninkawa, domin sun fi yiwuwar ɗaukar ƙwaya iri ɗaya daga kakan da suka haɗa. Ungozoma ba ta tambaya don ta aibata aurenki. Tana so ta san ko a dangi akwai kurame tun haihuwa, ko jariran da ke rasuwa a jere ba a san dalili ba, ko yaran da ba su yi tafiya da magana a kan lokaci ba. Idan akwai, za a tura ku wurin likitan da zai zana bishiyar dangin har zuwa kakanni ya yi muku bayani.

Shekarun uwa

Wani lokaci jariri kan zo da kuromozom 47 maimakon 46, wato zare na 21 ya zama uku. Ana kiran wannan lalurar Dawun. Yaron yakan yi jinkirin zama da tafiya da koyo, kuma kusan rabinsu suna zuwa da matsalar zuciya. Yiwuwar hakan tana ƙaruwa da shekarun uwa: kimanin 1 cikin 350 a shekara 35, kimanin 1 cikin 100 a shekara 40. Duk da haka matasan mata ma suna haihuwarsu. Ba wani abinci ko aiki ko laifin uwa ke jawo shi ba. Hoton ciki daga mako na 11 zuwa na 13, da na mako na 18 zuwa na 22, yana taimakawa wajen hango wasu lalurori, shi ya sa ake so ki fara awo da wuri. Tun 2011 akwai gwajin jinin uwa da ke nuna alamar wannan lalura daga mako na 10, sai dai yana da tsada kuma ba ko'ina ake samunsa ba. Amfanin sani tun da wuri shi ne a shirya haihuwa a inda likitan yara yake kusa.

Folik asid

Ƙashin baya da ƙwaƙwalwar ɗan tayi suna haɗuwa ne cikin kwanaki 28 na farko, lokacin da mata da yawa ba su ma san sun samu ciki ba. Idan ba su rufe daidai ba, ana haihuwar jariri da tsaga ko ƙullutu a baya. Shan ƙwayar folik asid kullum, tun kafin ɗaukar ciki har zuwa wata 3, yana rage wannan ƙwarai. Matar da ta taɓa haihuwar irin wannan jariri, ko mai sikila, ko ciwon sukari, ko mai shan maganin farfaɗiya, tana buƙatar mai ƙarfi, kuma likita ne zai rubuta mata.

Kira ga maigida da iyaye

Maigida, rabin gadon jaririn nan daga gare ka yake. Gwajin uwargida kaɗai ba ya ba da cikakkiyar amsa, saboda haka idan an kira ka ɗakin awo ka daure ka zo. Idan Allah Ya ba ku yaro mai SS, ku biyu kuka ba shi ƙwayar, ba a jinin gidan su matar kaɗai take ba. Haka batun namiji ko mace: ƙwan mace kullum yana ɗauke da X ne, maniyyin namiji ke kawo X ko Y. Idan ya kawo X a samu mace, idan ya kawo Y a samu namiji. Babu dalilin a tsangwami mace don tana haihuwar 'ya'ya mata. Iyayenmu mata, uwar miji da uwar mai ciki, ku ne kuka fi kowa sanin tarihin dangi. Ku faɗa wa 'ya'yanku gaskiyar abin da kuka sani, domin zai iya ceton jikanku.

Haƙƙinki a wurin ma'aikacin lafiya

Cikin abin da ake nanatawa a waɗannan darussa har da yadda ake yi wa iyali bayani. Kina da haƙƙin a yi miki bayani da harshen da kike ji, a keɓe, ba a gaban layin masu awo ba. Sakamakon gwajinki sirri ne. Ba za a yi miki gwaji ba sai da yardarki. Aikin likita shi ne ya shimfiɗa muku gaskiya da hanyoyin da ake da su, shawarar ƙarshe kuwa taku ce ke da maigida, bisa addininku da halin da kuke ciki. Idan ba ki gane ba, ki ce a maimaita. Matambayi ba ya ɓata.

Hattara da abin da ke yawo a waya

Intanet ɗin da likita ke karatu a ciki, a cikinsa ne kuma masu neman kuɗinki suke talla a Facebook da WhatsApp. Babu wani jiƙo, ko ƙwaya, ko abinci da ke mayar da SS ya koma AS ko AA. Abin da aka tabbatar yana warkar da sikila shi ne dashen ɓargo, wanda ke da tsada da haɗari kuma ba kowa ya dace da shi ba. A ƙarshen 2023 Ingila da Amurka sun amince da wani sabon magani na gyaran ƙwayar gado, amma kuɗinsa a Amurka ya haura dala miliyan 2. Abin da ke hannunmu yau, wato gwaji da wuri, fenisilin, rigakafi, gidan sauro, haidiroksiyuriya da zuwa asibiti a kan lokaci, ya isa ya sa yaro mai sikila ya girma, ya yi karatu, ya yi aure. Duk abin da kika gani a waya, ki kawo shi ɗakin awo ki tambaya kafin ki kashe kuɗi.

Abin da ake so ki yi

1. Ki fara awo kafin ciki ya cika wata 3.
2. Ki san jinotayif ɗinki da rukunin jininki, da na maigida, ki adana takardun tare da katin awo.
3. Ki tambayi manya tarihin lafiyar dangi, naku da nasu, kafin ranar awo.
4. Ki sha folik asid da sauran magungunan awo kamar yadda aka tsara.
5. Ki haihu a asibiti, musamman idan ke SS ce ko SC ko jininki negatif ne.
6. Idan ke ko maigida kuna ɗauke da S ko C, ki nemi a gwada jariri kafin ya cika wata 3.
7. Ki riƙa duba idon jariri da hasken rana kowace safiya a makon farko.
8. Ki raba kayan jariri da kafur.

Idan kina da wata tambaya, ki sanar da ungozomar da ke kan aiki ranar awonki, za ta haɗa ki da likitan da ya dace. Allah Ya sauke ki lafiya, Ya raya abin da za a samu.